An biya bashi amma jingina na nan a kan gida: tambayoyi da amsoshi ga masu gidaje da filaye a Jihar Kebbi

Yawancin mutane ba sa sanin cewa tsohuwar jingina tana nan a kan gidansu sai ranar da suka tashi sayarwa, ko za a raba gado, ko wani banki ya tura lauyansa ya duba fayil kafin ya ba da sabon rance. A nan ne za a fito da sunan wani banki da aka shigar a rajista tun shekarun 1990, bankin da yau ko allonsa babu a gari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan matsala.

Na gama biyan bashin tuntuni. Me ya sa har yanzu ake cewa gidana a jingine yake?

Saboda biyan kuɗi a banki daban, gyara rajistar filaye daban. Lokacin da ka karɓi rancen an rubuta yarjejeniyar jingina, an nemi amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya tanada, an biya kuɗin hatimi, sannan aka shigar da ita rajista da lamba da shafi da kundi. Ofishin filaye ba ya ganin asusunka na banki. Abin da aka rubuta a kundinsa yana nan daram har sai an kawo masa takarda ta biyu mai warware ta farko, wato takardar sakin jingina, ita ma an yi mata rajista.

Inda aka fi samun kuskure shi ne ranar da manaja ya miƙa wa mutum satifiket ɗinsa na mallaka, C of O, a cikin ambulan. Sai ya koma gida yana ganin magana ta ƙare, alhali rabin aikin ne aka yi.

Ta ina zan fara?

Kada ka fara da banki, fara da fayil ɗinka. A nemi binciken fayil a hukumance a ofishin rajistar filaye da ke Birnin Kebbi, ta hannun ma'aikatar filaye ko hukumar KEBGIS mai kula da bayanan filaye na jihar, a biya kuɗin binciken a karɓi rasit. Abubuwan da za ka fito da su: cikakken sunan mai ba da rancen yadda aka rubuta shi, ranar yarjejeniya, adadin kuɗin da aka buga wa hatimi, lambar rajista, da sunan wanda ya ci bashin, don ba dole ne ya zama mai gidan ba. Ka nemi kwafin yarjejeniyar jinginar wanda ofis ya tabbatar da hatiminsa.

Idan an yi jinginar kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, to a Sakkwato aka yi mata rajista. In ba a ga wani abu a fayil ɗin Birnin Kebbi ba, a bi sawu can.

Binciken zai nuna maka ɗaya daga cikin hali uku. Ko dai akwai cikakkiyar jingina mai rajista, wadda sai takardar saki ke cire ta. Ko kuma babu komai a rajista, satifiket ɗin kawai aka ajiye a banki a matsayin jingina, to abin da kake nema shi ne a dawo maka da shi tare da wasiƙar cewa ba a bin ka komai. Ko kuma akwai wasiƙar gargaɗi da banki ya sa a fayil cewa kada a taɓa filin ba da saninsa ba, wadda wasiƙar janyewa daga bankin ke ɗauke ta. Mutane kan yi wata da watanni suna neman takardar da ba ita ce maganin matsalarsu ba, don ba su fara da wannan binciken ba.

Wace shaida zan tara?

Duk abin da ke nuna kuɗi sun shiga: takardun zuba kuɗi, bayanan asusu, wasiƙar tayin rance, takardun albashi in daga albashi aka riƙa cirewa, da duk wata wasiƙa da banki ya taɓa rubuto maka. Kasancewar asalin satifiket a hannunka shi ma hujja ce mai ƙarfi, domin banki ba ya sakin sa haka kawai. Ka kuma nemi rahoton bashinka daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, don ka san ko akwai wanda har yanzu ke ɗora maka wani abu. Asali ya zauna a gida, kwafi ake kaiwa ofis.

Bankin da na ci bashinsa babu shi yanzu. Wa zan nema?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta tana kwantar da hankali: da wuya banki ya ɓace bai bar magaji ba. Wanda ya gaji dukiyarsa da basussukan da yake bi, shi ne mai ikon sa hannu a takardar saki.

Bank of the North yana cikin bankuna tara da suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006. A 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya amince da shirin haɗewar Unity da Providus, saboda haka a tabbatar da sunan da bankin ke aiki da shi kafin a rubuta wasiƙa. Gamji Bank ya koma International Trust Bank, Oceanic ya haɗiye shi a 2005, Ecobank kuma ya sayi Oceanic a 2011. Habib ya haɗu da Platinum suka zama Bank PHB, wanda ya koma Keystone a 2011. Afribank ya zama Mainstreet a 2011, Skye ya saye shi a 2014, Skye kuma ya koma Polaris a 2018. Intercontinental da Diamond duk suna cikin Access. FinBank yana cikin FCMB, Standard Trust yana cikin UBA. Manoman Argungu, Yawuri ko Zuru da suka karɓi rance daga tsohon bankin noma na NACB ko People's Bank, su nufi Bank of Agriculture mai hedikwata a Kaduna: an haɗa waɗannan bankuna a 2000 aka samu NACRDB, aka sauya masa suna a 2010. Masu masana'antu da suka ci bashin NIDB ko NBCI, Bank of Industry ne magajinsu tun 2001.

Idan kuma soke lasisin bankin aka yi, kamar bankuna 26 da aka rufe a Janairun 1998, ko 14 na Janairun 2006, ko Heritage da aka rufe a Yunin 2024, ko ƙananan bankuna fiye da ɗari da aka soke a 2023, to hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ita ce mai kula da dukiyarsu bayan rushewa. Takardun jingina da kundin bashi suna komawa hannunta. Tana da ofishin shiyya a Sakkwato, hedikwata a Abuja. A rubuta mata a matsayinta na mai kula da rusasshen banki kaza, a ambaci reshe da lambar asusu.

Akwai hali na uku da ke rikita mutane. Banki yana nan da ransa amma ya yi shiru, saboda tun tuni ya sayar da bashin ga AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale. In haka ne, bankin ba shi da ikon sakin komai. A tambaye shi kai tsaye a rubuce: shin an miƙa wannan bashi ga AMCON, kuma yaushe?

Duk inda sunan mai sakin ya bambanta da sunan da ke cikin rajista, dole takardar saki ta bayyana yadda haƙƙin ya taso daga wancan zuwa wannan, a kuma haɗa da shaidar sauya suna ko umarnin kotu na haɗewa. Rashin wannan yana cikin manyan dalilan da magatakardan rajista ke mayar da takarda.

Bankin yana nan, amma kullum sai a ce in dawo mako mai zuwa. Ya zan yi?

Ka daina zuwa da baki. Reshen Jega ko na Birnin Kebbi ba shi ke ajiye takardun jingina ba, kuma manajan reshe ba shi da ikon sa hannu a takardar saki. Suna hedikwata, a sashen shari'a ko sashen kula da rance. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban bankin, ta hannun sakataren kamfani kuma mai ba da shawara kan shari'a, ka ba reshe kwafi. Ka ambaci sunanka, lambar asusu, lambar satifiket, lambar rajistar jingina, da ranar da ka gama biya. Ka nemi abu uku a fili: wasiƙar shaidar ba a bin ka bashi, takardar sakin jingina da aka sa wa hannu, da asalin takardun gidan. Ka ba su kwana 30.

A buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka, ta hedikwata kuma ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit. Ka shigar da ƙorafi a teburin ƙorafin bankin, ka karɓi lambar ƙorafi. Wata dabara da ke rage jira sosai: lauyanka ya tsara takardar sakin da kansa ya haɗa da wasiƙar, yadda abin da ya rage musu shi ne dubawa da sa hannu.

In wa'adi ya cika shiru, a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN. Ƙa'idarsu ita ce sai ka fara kai kuka bankinka ka ba shi lokaci, mako biyu ga yawancin ƙorafe-ƙorafe, wasu har kwana 30. Ana iya miƙa takardar a reshen CBN na Birnin Kebbi. A haɗa da kwafin wasiƙar farko mai hatimi da lambar ƙorafi, don in babu su za a mayar da kai banki. Tun 2015 CBN ya sa iyakar shekara shida ga ƙorafin abokan hulɗa, saboda haka ka gina ƙorafinka a kan ƙin amsa buƙatarka ta yanzu, kada ka gina shi a kan tsohon rancen kaɗai.

Sun amsa, amma sun ce akwai saura. Alhali na san na biya.

Ka nemi cikakken bayanin asusu tun daga ranar da aka ba da rancen, ka ba akanta ya bi shi layi-layi tare da wasiƙar tayi. Sau da yawa ɗan ƙaramin caji ne aka bari a asusun da ba a rufe ba, ruwa ya yi ta hawa kansa shekara da shekaru. Wani lokacin kuma laifin yana cikin yarjejeniyar: da yawansu an rubuta cewa gidan yana tsaye ne ga duk wani kuɗi da banki ke bin ka, har da na wani asusun, har da bashin ɗan'uwa ko aboki da ka tsaya wa. Wanda ya ba da satifiket ɗinsa ƙaninsa ya karɓi rancen kasuwanci, gidansa ba zai fita ba sai bashin ƙanin ya fita.

In an kai ga sulhu a kan wani adadi, kada ka biya ko kwabo sai an ba ka a rubuce cewa wannan adadin shi ne biya na ƙarshe, kuma za a saki jingina cikin kwanaki kaza bayan biya.

Shekara ashirin ta wuce ba su nemi komai ba. Bashin bai mutu ba?

Kada ka dogara da wannan. Gaskiya ne dokokin ƙayyade lokacin shigar da ƙara suna hana mai bin bashi zuwa kotu bayan wani wa'adi, wanda a kan filaye da jingina yakan kasance shekara 10 ko 12 gwargwadon dokar jiha. To amma ko wa'adin ya wuce, rubutun da ke rajista ba ya goge kansa, sai da takardar saki ko umarnin kotu. Na biyu, dokar NDIC da ta AMCON sun cire basussukan da ke hannunsu daga wannan wa'adi. Na uku, biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana iya sa a fara ƙirga lokaci daga farko. Shi ya sa in akwai shakkar saura, lauya ya duba wasiƙarka kafin ta fita. Jimla guda kamar "na san akwai ɗan abin da ya rage" tana iya raya bashin da ya riga ya kwanta. Wannan maganar doka ce kawai. Wanda ya san a ransa bai biya ba, tsawon shekaru bai sauke masa nauyi a wurin Allah ba.

Yaushe za a je kotu, kuma wace kotu?

Idan wasiƙu da CBN ba su yi amfani ba, ko an rasa wanda zai sa hannu. Fili mai satifiket ɗin gwamna hurumin Babbar Kotun Jiha ne, bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Filaye. Idan bankin ya rushe yana hannun mai kula da dukiyarsa, sai an fara neman izinin Babbar Kotun Tarayya kafin a yi ƙararsa, kuma tana da reshe a Birnin Kebbi. Shigar da ƙara a kotun da ba ta da hurumi asarar shekaru ce, don ko ka yi nasara za a rushe hukuncin a ɗaukaka ƙara.

Abin da lauya zai roƙa: kotu ta bayyana cewa an biya bashin kuma jingina ta ƙare, ta umarci mai ba da rancen ya sa hannu a takardar saki ya dawo da takardu cikin wa'adi, in ya ƙi ko ba a same shi ba, ta umarci magatakardan rajistar filaye ya shigar da sakin bisa hukuncin. Wannan roƙo na uku shi ne ginshiƙi, kuma don shi ake sa ofishin filaye cikin waɗanda ake ƙara. Hukuncin da ya tsaya a kan "banki ya sa hannu" alhali bankin ba ya amsa wasiƙa, bai kai ka ko'ina ba.

Idan ba a san inda wanda ake ƙara yake ba, kotu na iya ba da izinin isar da sammaci ta hanyar liƙawa a adireshinsa na ƙarshe ko bugawa a jarida, amma sai ka nuna mata irin neman da ka yi. A nan rasit ɗin kai saƙo da wasiƙun da aka dawo da su ke aiki. In akwai saura na gaskiya kuma babu mai karɓa, ana iya roƙon kotu ta yarda a ajiye kuɗin a wurinta. Kamfanin da aka riga aka cire daga rajistar kamfanoni kuma, ana iya neman kotu ta dawo da shi don a kammala wannan magana.

An ba ni takardar saki. Shi ke nan?

Saura rajista. Kafin ka bar wurin ka duba: sunanka daidai da na satifiket, lambar fili da ta satifiket, da lambar rajistar jinginar da ake saki, harafi da harafi. Sa hannun ya zama na daraktoci biyu, ko darakta da sakataren kamfani, ko wakilin da aka ba iko a rubuce, a haɗa da shaidar ikon nasa. Tun dokar kamfanoni ta 2020 hatimin kamfani ba dole ba ne. Lauyan da ya tsara ta ya sa sunansa da hatiminsa. Sai a biya kuɗin hatimi, a hukumar haraji ta tarayya in akwai kamfani a ciki, a ta jiha in tsakanin mutum da mutum ne, sannan a kai rajista. Ka shirya biyan bashin harajin fili da ya taru, don galibi sai an share shi ake karɓar takarda.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sashe na 22 ɗin nan ya ce ba a buƙatar sabuwar amincewar gwamna wajen sakin jinginar da tun farko aka yi ta da amincewarsa. In an ce maka sai ka biya kuɗin amincewa, ka nemi a nuna maka a rubuce. Bayan rajista a sake binciken fayil, a karɓi rahoton da ke nuna babu jingina.

Banki ya ce satifiket ɗina ya ɓace a wurinsu.

Su rubuta haka a takardarsu mai tambari. Da ita za a yi rahoton 'yan sanda, rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, sannan a nemi kwafin da ofishin filaye ya tabbatar. Tunda a hannunsu ya ɓace, ka nemi su ɗauki kuɗin.

Da sunan kamfanina aka karɓi rancen.

To rajista biyu ce. Doka ta wajabta shigar da jinginar dukiyar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 90, don haka bayan ofishin filaye sai an shigar da shaidar biya a can ma.

Maigidana ya rasu, da za a raba gado aka ga gidansa na unguwar Badariya a jingine. Ni da yara za mu iya bi?

Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Za ku iya, amma banki ba zai saurari kowa ba sai mai takardar ikon kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a sashen gado na Babbar Kotun Jiha. Magada su zaɓi mutum biyu su nema. A sanar da alƙalin da ke rabon gado halin da gidan ke ciki, domin bashi yana gaba da rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12. A kuma duba wasiƙar tayin rancen: rancen gida da yawa yana tafe da inshorar rai, in akwai ta kuma ana biya, kamfanin inshora ne ya kamata ya biya saura. Kada a yi wa gidan kuɗi a ba wani magaji a matsayin kasonsa kafin a san gaskiyar abin da ke kansa.

Ba banki ba ne, wani attajiri mahaifina ya jinginar wa gona. Ya rasu, 'ya'yansa sun ƙi saurarenmu.

Jingina ba sayarwa ba ce, a al'ada da Shari'a duka, kuma daɗewar gona a hannun wanda aka jinginar wa ba ta mayar da ita tasa. Ku nemo takardar da aka rubuta in akwai, da shaidun da suka rage a raye, da maƙwabtan iyaka. A fara da mai unguwa da hakimi, a kai kuɗin fansa a gaban shaidu, a rubuta cewa an kawo. In sun ƙi karɓa, gonar karkara da ba ta da satifiket ɗin gwamna ana kai maganarta Babbar Kotun Shari'a ta yankin. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne mutuwar shaidu, sai magadan can su ce saye aka yi. Ku hanzarta tun dattawan da suka halarta suna da rai.

Wani ya ce zai cire min takardar daga fayil in ba shi wani abu. Ko in sayar da gidan haka?

Kada ka yarda. Cire shafi daga fayil laifi ne, kuma ba ya kashe jingina: tana cikin kundin rajista, kwafinta yana hannun banki ko NDIC ko AMCON, ranar da suka tashi za su fito da shi.

Sayarwa kuma tana yiwuwa, amma da sanin mai saye. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a rubuta a yarjejeniyar ciniki cewa akwai jingina, a ajiye wani kaso na kuɗin a hannun lauya har a yi rajistar saki, in kuma akwai saura a biya mai ba da rancen kai tsaye daga kuɗin cinikin, a karɓi takardar saki a lokaci guda. Mai saye ya sa nasa lauyan ya yi binciken fayil da kansa kafin ya biya kafin alƙalami, ya kuma sake yin wani binciken kafin ya saki ragowar kuɗin.